Ranar da Injiniya Hambali Ya Farke Injin Busar da Kaya

Wani mutum ne a nan Kaduna, wajen Kakuri, ana ce masa Injiniya Hambali. Ba makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba. Shi ya raɗa wa kansa, mutanen unguwa kuma suka ga ba su da asara, suka bi shi a haka. Gaskiya ne shekararsa goma sha tara a sashen gyara na wani kamfanin biskit, sai dai aikinsa a can riƙe makullin siton kayan aiki ne. Makaniki ya zo, ya miƙa masa sifana. Ya gama, ya karɓa ya rataye. Amma in ka ji shi a majalisa, ka rantse shi ya ƙera kamfanin da hannunsa. Wai akwai injin da Turawa uku suka kwana bakwai a kansa suna haɗa gumi, shi kuwa ya zo ya kasa kunne kawai, ya nuna musu inda ciwon yake. Ko gidan ɗaurin aure za shi, da sukudireba a aljihun gaba.

Ana nan sai kamfani ya liƙa takarda: an ba wani ɗan kwangila daga waje sashen gyara gaba ɗaya. Ranar Litinin shugaban makanikan ɗan kwangilar zai zo ya gwada kowa. Wanda ya iya aiki a riƙe shi, wanda bai iya ba ya kama gabansa. Hambali kuwa ya san iyakar abin da hannunsa ya iya shi ne juya makulli. 'Ya'ya shida, ga haya. Amma bakin nan nasa bai ji sanarwar ba.

Ranar Asabar bayan azahar, ruwan Agusta na ta tsiyaya, 'yan majalisa sun ƙudundune a rumfar Malam Shitu mai shagon taya suna cin gasasshiyar masara. Akwai wani baƙo a ƙarshen benci, siriri, marar magana, da Malam Shitu ya ce ƙanen matarsa ne, Lawwali, ya zo daga Zariya. Hambali ko kallon kirki bai yi masa ba. Ya buɗe wuta. Ya ce 'yan kwangila ba komai ba ne sai 'yan kashe-mu-raba. A kore ka yau, gobe a dawo da kai kan kujerar da ka bari, aiki ɗaya, albashi rabi, ba asibiti, ba fansho, sai wata riga mai tambari a baya. Tsakani da Allah a nan yana da gaskiya, bakin da maganar ta fito ne kawai matsalar.

Malam Shitu, wanda ya fi son musu da tuwon dare, ya ce shi bai ga laifi ba. Mai biskit ya yi biskit, mai gyara ya yi gyara. Ya tambayi Hambali ko shi ya ɗinka rigar da ke jikinsa, ko shi yake yi wa kansa aski.

“Wannan daban,” in ji Hambali. “Ina maganar ƙarfe ne. Tun da na yi aure, hannun bare bai taɓa ko kusa ɗaya a gidana ba.”

“Ko kusa ɗaya?”

“Ko allura. Yanzu haka injin busar da kayan iyalina ya mutu ɗazu. Ka ji na kira wani?”

Wannan ma gaskiya ne, ko mu ce rabin gaskiya. Yayan matarsa Hansatu, mai fataucin gwanjo daga Kwatano, shi ya kawo mata injin, aka ajiye a gareji tunda ba mota. Da safen nan ta wanke farar shaddar da Hambali zai sa ranar Litinin, ta bar ta a kwando, ta ce in ta dawo daga gidan suna za ta busar. Shi kuwa bai taɓa kunna injin ba, amma ya ga ai abu ne mai maɓalli. Ya cusa shadda ya danna. Shiru. Ya ƙara dannawa. Tsit. Ya ɗirka masa mari a gefe, ya fice majalisa.

Malam Shitu ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce ai kuwa yau ranar kallo ce, a je a ga aiki. Kafin Hambali ya nemo uzuri, mutum takwas sun riga shi zuwa bakin gareji, har da baƙon da ragowar masararsa a hannu.

Hambali ya ce a ɗan ba shi minti biyu zai kewaya. Ya shige banɗaki ya zaro waya, ya rage sauti, ya nemo bidiyon wani Bature yana gyaran irin injin. To, ba irinsa ba ne sak, amma shi ma fari ne mai ƙofa. Baturen ya kwance baya, ya zare bel, ya hura wani abu, inji ya tashi. Minti huɗu. Hambali ya ce a ransa, ashe abin ma bai kai ya kawo ba. Har ya fara lissafin yadda labari zai kai kamfani kafin Litinin, a ce mutumin nan ba sai an gwada shi ba. Ya fito yana naɗe hannun riga.

Ya fara da kasa kunne. Ya manna kunnensa a jikin injin da ba ya ko numfashi, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai ya ce ya ji shi, ciwon a ciki yake.

Baƙon nan ya yi gyaran murya. “Injiniya, an gwada soket ɗin kuwa?”

Hambali ya nuna ƙwan lantarkin da ke ci a saman gareji. “Ɗan'uwa, wancan fitilar ƙwai ce? Ga wuta tar kana tambaya. Ci masararka.”

Baƙo ya ci masararsa.

Aka shiga aiki. Noti na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka, sai ƙarfin gwiwa ya zo wa Hambali. Ya ɓalle marfin baya, ƙwal a ƙasa. Ya leƙa bai ga bel a inda na Bature yake ba, sai ya cire marfin sama. Bai gani ba, ya cire na gaba. Ya tarar da wayoyi ja da shuɗi da rawaya a cunkushe, ya ce ga aikin 'yan kwangila nan, dubi haɗin banza, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsigewa kamar mai figar kaza. Hannu na aiki, baki na aiki. Ya ce shi wannan shugaban makanikan da za a turo musu, bai san shi ba amma ya san irinsu, ba su iya komai ba sai rataya kati a wuya. Ranar Litinin zai ajiye masa sifana goma ya ce ya faɗi lambar kowace, in ya ci uku a aske wa shi Hambali gemu.

Malam Shitu ya kama haƙarƙari yana tari. Hambali ya ɗauka masara ce ta shaƙe shi.

Can ya hango bel ɗin. Ya sa sukudireba ya ɓanɓaro shi. Fau! Wani sifirin ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnen Malam Shitu ya faɗa kwata. Gangar injin, wadda ba abin da ya rage yana riƙe da ita, ta sulmiyo, ta daki ƙafar Hambali tim, ta gangara kwararam-kwararam ta fice ƙofar gareji cikin ruwa, da farar shadda a cikinta tana juyawa. Sai da ta kai taɓon bakin titi ta kwanta. Mutum biyu suka ɗauko ta. Shaddar ta koma kalar kunun kanwa.

Hambali na tsaye da ƙafa ɗaya, gumi sharkaf duk da sanyin, ya ce dama haka ake yi, sai an fitar da ganga ake ganin zuciyar inji. Ya hura nan, ya hura can. Ya duba ƙasa: noti sun fi arba'in a warwatse, kuma ba wanda ya tuna masa daga inda ya fito. Ya ɗauki marfi ya kara a gaba, ya ƙi. Ya juya shi, ya ƙi. Aka kira la'asar, aka je aka dawo, inji na nan a baje kamar kayan 'yan gwangwan.

A haka Hansatu ta sauka daga a-daidaita da lemarta. Ta gaishe da mutane daga nesa, ta leƙa gareji, sai ta saki salati.

“Malam, me ya sami injina?”

“Mutuwa ya yi. Ina kan gyara. Shiga ciki.”

“Mutuwa kuma? Ai tun safe aka ɗauke wuta. Wannan ƙwan na sola ne, sola kuwa ba ta ɗaukar injin. Soket ɗinsa na wutar gari ne kaɗai. Shi ya sa na ce a bari sai na dawo.”

Baƙon nan ya yar da totuwarsa, ya zaro 'yar testa daga aljihu ya zura a soket. Ba ta kawo haske ba. Ya ce Hajiya ta yi gaskiya, injin lafiyarsa ƙalau, wato kafin a fara gyara shi.

Hambali ya tattaro ragowar muryarsa. “Kai kuma wa ya sa da kai? Me ka sani a harkar inji?”

Malam Shitu ya share hawayen dariya ya ce laifinsa ne da bai kammala gabatarwa ba. Lawwali ba ziyara kawai ta kawo shi Kaduna ba. Shi ne shugaban makanikan da zai yi gwaji a kamfanin biskit ranar Litinin.

Sukudireba ta suɓuce daga hannun Hambali, ƙwas. Ya ce ranka ya daɗe, ya ce ai wasa ake, ya ce Zariya ma can kakarsa ta fito. Kunya ta kama shi har ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Lawwali bai ɗaga murya ba. Ya ce maganar albashi da asibiti da Hambali ya yi, ya ji, kuma bai ƙaryata ba, shi ma ɗan aike ne. Batun gwaji kuwa, ba sai an wahalar da juna a kamfani ba. Ya nuna tarin ƙarafan da ke ƙasa.

“Ga takardar jarrabawarka nan, Injiniya. Ka mayar da shi yadda ka same shi. In na biyo Litinin da safe na ga yana juyawa, aikinka na nan.”

Ya yi sallama ya fita. Hansatu ta ɗauki shaddar da yatsa biyu ta shige gida. Hambali ya dubi noti, ya dubi wayoyi, ya dubi gangar da ta loɓa a gefe guda. Sai ya ɗingisa zuwa wajen Malam Shitu, ya ja shi gefe, ya kai baki saitin kunnensa.

“Don girman Allah, ba ka san wani mai gyara ba? Wanda ba ɗan unguwar nan ba. Ya shigo ta ƙofar baya.”

Malam Shitu ya gyaɗa kai cikin tausayawa. Ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya juya wajen jama'a, ya buɗe murya yadda har masu wucewa a titi suka tsaya.

“Jama'a, sanarwa! Injiniya Hambali ya ba da sashen gyaran gidansa kwangila. Ana neman bare, da gaggawa!”