Fitila Huɗu, Dinamo Ɗaya

Jama'a, in akwai wanda ya ga wani mutum yau da hantsi a hanyar Tsibiri, cikin babbar riga ta zuwa sallar Idi, yana tura moto mai fitila huɗu, zufa na ɗiga daga gemunsa, ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, na rera waƙar maraba a bayansa, to kada ya wahalar da kansa da cigiya. Ni ne, Talle mai kayan lambu. Gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin matan bakin rijiya, don su sai sun ƙara gishiri, ni kuwa wanda ke cikin labarin ma ya ishe ni.

Moton nan mai ƙafa biyu na saye shi ne daga hannun wani Nasaran kamfanin gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Tsoho ne, yana tari kafin ya tashi, amma gida biyu yake ciyarwa. Kullum bayan sallar asuba nakan hau shi zuwa Jiratawa, in ɗauko kwanduna biyu na tumatir daga lambun surukina Baba Gado, mahaifin matata Zuliha, in kawo kasuwar Maraɗi kafin rana ta yi zafi. Yanzu ne tumatir ɗin ke nuna gaba ɗaya, kuma kowa ya san tumatir ba ya jiran mutum. Kwana biyu ba a ɗauke shi ba, sai ƙudaje su gaje shi.

Hanyar Jiratawa kuwa, sai mu gode wa iyayen gijinmu masu tebur. Shekara goma ke nan da ruwan Gulbi ya kore mu daga tsohon gari muka hau tudu, shekara goma ke nan ana gyaran hanyar nan. Sau uku ana zuwa da igiya ana auna ta. An kafa turaku, gara ta cinye turakun, aka turo wasu suka ƙirga turakun da gara ta ci. Wa zai ce ba a aiki? Ramukan dai suna nan lafiya, har sun hayayyafa.

Da ramukan na fake na ce wa Zuliha zan ƙara fitila. Ku kuwa zan gaya muku gaskiya. Wata safiya motar wani babba ta wuce ni da idanunta biyu tar, na ga masu jakuna da masu tallan itace suna faɗawa ciyawa don su ba ta hanya, har da masu cire hula. Ni da idona ɗaya kamar na mai hakiya, ko akuya ba ta matsa mini. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce in biyu ta sa an cire hula, huɗu sai an durƙusa.

Na je wurin Ilyasu mai gyaran inji, abokina tun muna yara a tsohon gari. Ya ciro fitilu uku daga wata kamyo, babbar motar kaya, da ta mutu a bayan rumfarsa, ya ɗaura biyu gefe da gefe, ɗaya a sama. Yana ɗaurawa yana girgiza kai.

"Talle, tsaya ka jiya," in ji shi. "Dinamon ga naka manomi guda ne. Batir shi ne rumbu. Hitila kuwa baki ce. Da baki guda manomin ga ke ciyarwa, yanzu ka aje mishi huɗu. In kana gudu ƙwarai shina iya riƙe su da ƙyar. In kana tahiyar hawainiya, kashe ukku. In rumbu ya ƙare ba hitila kaɗai za ta mutu ba, injin ma da wutar batir yake tashi."

Na ce na ji. Bai yarda ba, don ya san ni. Sai ya ɗauko wani ɗan agogo mai allura guda, ya ɗaura shi a gabana inda idona ba zai kauce masa ba. Ya ce wannan agogon wuta ne. In allura ta karkata dama, rumbu na cika. In ta karkata hagu, ana ci fiye da abin da ake nomawa.

Kwana uku na yi ina sarauta. Masu jakuna suka riƙa watsewa tun daga nesa, wani tsoho har ya tuɓe takalmi, sai da na zo kusa ya ga kwandunan tumatir ya ja tsaki ya mayar. Abu ɗaya ne ya hana ni jin daɗi, allurar nan. Da na kunna huɗun sai ta kwanta hagu, ta yi ta kallona kamar uwar miji.

Ranar Talata muna layin isansi, wato man mota, tun hantsi har azahar, kowa da takardar bon ɗinsa ta izinin sayen mai a hannu. Isansi dai an ce yana hanya, kamar yadda aka ce makon jiya, Allah ya kawo shi lafiya. Don in rage zaman banza na kunna fitilun mutane su gani. Maƙwabcina Maman Lawali, wanda bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba, ya leƙo.

"Maƙwabci, mi ya sa allurar ga taka ta kwanta hagun?"

Na ce hutawa take yi.

"A'a. Ilyasu ya gwada min. Hagun yunwa ce. Jama'a ku zo ku ga moto mai ido huɗu da cikin wohi!"

Layi duka ya kwashe da dariya, har mai zuba isansin da ba shi da isansin zubawa. Na koma gida raina a ɓace. Da la'asar na ɗauko ƴar wuƙa na kwance bayan agogon. Wayoyi biyu ne kawai. Na mai da ta dama hagu, ta hagu dama, na ɗaure. Na kunna fitila huɗu, allura ta miƙe dama tsaf, har tana rawa don ƙoshi.

Zuliha tana tankaɗe tana kallona. "Malam, ka gyara shi ke nan?"

Na ce na gyara.

"To rumbun ya cika, ko dai mai faɗin ya ƙare ne ka toshe ma baki?"

Na ce mata harkar inji ba harkar tankaɗe ba ce. Ni ne fa mutumin da ke zama a bakin kasuwa yana zagin masu rubuta cewa rumbunan tsimi na hukuma cike suke da hatsi alhali ɓeraye ma sun yi ƙaura daga cikinsu. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Jiya sai ga gardi, ɗan sandan hukuma, a ƙofar gidana da takarda. Wai wani Babban Baƙo zai shigo gari washegari da rana ta hanyar Tsibiri, kuma Mai Girma Sarkin Hatimi, wanda takarda ba ta zama takarda sai ya buga mata, ya ji labarin motona. An zaɓe ni in ja gaban tawaga, fitilu duka a kunne. Na ce da rana tsaka? Gardi ya ce Baƙon da rana zai zo, ko in aika masa ya jira magariba? Ya ƙara da cewa duk abin hawan da ya ba gari kunya zai yi wata guda a ɗaure a filin biro, wato ofishin hukuma. Wannan ban saurare shi da kyau ba, kunnena ya tsaya a wurin "an zaɓe ka".

Da safe na tarar an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa tun daga bakin gari, an share yashi, an cike ramukan hanyar Tsibiri daidai iyakar inda idon Baƙo zai kai. Isansin da aka ce yana hanya ashe ya iso cikin dare, gangar mai har uku, aka cika mini tanki ba bon ba layi. Allah ya riƙa kawo mana baƙi.

Aka jera mu. Ni a gaba, ƴan lakwal a bayana da ƴan tutoci, sai makaɗa, sai wurin da motar Baƙo za ta shiga. Sarkin Hatimi ya zo da kansa, ya zagaya moton, ya ce in tayar in kunna tun yanzu, don Baƙo yana iya ɓullowa kowane lokaci. Na tayar, na kunna. Muka tsaya. Inji na gunaguni a hankali, fitila huɗu na gasa da ranar Allah, aka yi sa'a guda, aka shiga ta biyu.

Ga inda nake so ku yi mini dariya da kyau, don na cancanta. Maganar Ilyasu ta faɗo mini a rai, na duba agogo. Na ga allura a dama, ta kai maƙura. Sai na ji sanyi a zuciyata, na ce alhamdu lillahi, wuta ta ishe mu. Wallahi haka na ce. Ni da hannuna na juya wayar, ni kuma na zauna na gaskata ta.

Baƙo ya iso, aka buga ganga, aka ce mu tafi. Tafiyar kuwa ta ƴan lakwal ce, ƙafa-ƙafa, ana waƙa. Ba mu yi taku ɗari biyu ba fitilun suka koma ja kamar garwashin da ya kwana. Inji ya yi tari sau biyu, ya yi atishawa, ya yi shiru. Na buga da ƙafa don ya tashi, na sake bugawa, har takalmina ya fita. Yara suka tsaya, makaɗa suka ci karo da yara, motar Baƙo ta tsaya a bayan makaɗa. Gardi ya matso ya ce mini cikin haƙora, "Tura!" Haka na ja gaban tawagar Babban Baƙo har cikin gari, da ƙafa, ina tura abin da ya kamata ya ɗauke ni.

Bayan an watse aka kai ni biro, ni da moton. Sarkin Hatimi ya fito fili, ya tsaya a inuwa, ya bar ni a rana.

"Kai mi ya sa ka tsai da tawaga?"

"Ranka shi daɗe, wuta ta ƙare. Batir ne ya mutu."

Ya sunkuya ya duba agogon. Fitilun ban kashe su ba, suna ta tsotsar ɗan abin da ya rage, allura kuwa tana nan ta ɗan jingina dama.

"Wanga gehen mi yake nuhi?"

Na ce ƙoshi.

"To ga agogonka na cewa ƙoshi, kai kana cewa yunwa. Inji ba shi ƙarya. Da gangan ka yi ke nan, don ka kunyata mu gaban Baƙo. Ka san inda masu wanga hali ke kwana?"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ko in tafi gidan kaso a kan abin da ban yi ba, ko in faɗi abin da na yi. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, wayoyi biyu, ƴar wuƙa, har dariyar layin isansi. Ina jiran tsawa, amma ba ta zo ba. Na ɗaga ido na ga yana kallona da wani irin girmamawa da ban taɓa samu daga mai tebur ba. Ya kori gardi, ya jawo ni cikin inuwa.

"Wato kai kana iya sa allura ta hwaɗi abin da kake so?"

Na ce tsautsayi ne, ranka shi daɗe.

"Ba tsautsayi ba ne, baiwa ce. Akwai wani sikeli da aka aje don awon gyaɗar talakawa, allurarshi ta cika surutu. Ka zo gobe ka dube shi, ka tahi da motonka. In ba ka da lokaci, moto shi yi watanshi guda nan, doka ce."

Sikelin nan na san shi. Gyaɗar Baba Gado a kansa take hawa, da ta duk mutanen Jiratawa da ke ba ni ruwa in na tsaya. Na ce zan yi shawara. Kuma kada in yi muku ƙarya, a hanyar gida shawarar nake yi da gaske. Wata guda babu moto, tumatir ɗin bana ya tafi ke nan, abincin gida biyu. Ina tafe ina ce wa kaina ai ɗan taɓawa ne kawai, in ban yi ba wani zai yi.

Na shiga gida na zayyana wa Zuliha, har da maganar sikeli. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wuƙaƙe biyu da tabarmar shanya, ta zauna tana wasa su a kan dutse. Da ta gama ta miƙo mini ɗaya.

"Ungo. Gobe da asuba mu kama hanyar Jiratawa da ƙahwa. Yanka shi za mu yi mu shanya, kauɗa za mu saida bana. Kai za ka gaya ma Baba dalili, ba ni ba."

Kauɗa ba ta kai rabin darajar ɗanye ba, ita ma ta sani, ni ma na sani. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, kuma tsayuwar gobe a gaban surukina ta fi mini tura moto a gaban Baƙo nauyi. Na karɓi wuƙar.

Saboda haka, jama'a, in kun kai gyaɗarku bana kuka ga buhu ya rame da hawansa sikeli, kada ku harare ni, ni hannuna warin tumatir zai yi. An dai ce kafin la'asar mutum uku sun je biro neman aikin sikelin, kuma dukansu sun fi ni gemu.