Robar Salansa

Wani ne yake aiki a wata masana'anta a Kudenda, zamanin da sojoji ke koya wa mutane bin layi. Ya daɗe yana neman auren wata yarinya, Celina, sai ya sayi tsohuwar mota don a san shi ma ya kai mutum. Motar tana tafiya, ba a ce ba. Salansarta, bututun hayaƙin nan, ita ce matsalar. Da ya tayar da inji sai ta kama rawa, kar-kar-kar, har kajin unguwa sun gane ta.

Uwar Celina, Mama Deborah, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma ba ta maimaita magana. Ta ce masa, "Ran Lahadi za ka kai ni taro Kakau. In wannan abin ya yi mini rawa a gaban mata, ka manta da hanyar gidan nan."

Hankalinsa ya tashi. Ya garzaya Kamazou wurin Dauda bakanike. Dauda ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Oga, ƙaramin abu ne. Robar da ke riƙe da ita ce ta mutu. Ka sayo roba biyu ka rataya, kai ma za ka iya."

"Roba kawai?"

"Roba kawai."

Dauda yana nufin 'yar zoben robar nan da ake rataye salansa da ita, mai shanye girgiza. Mutuminku kuwa sai ya wuce masu sayar da kayan gyaran mota, ya zarce wurin masu kayan kicin. Ya zaɓi robobin cin tuwo biyu, ja da shuɗiya, har yana ƙwanƙwasa su ya ji ingancinsu. Ya huda su, ya ɗaure da waya a ƙarƙashin salansa. Ya tayar da mota. Da can kar-kar-kar ce, yanzu an samu ƙarin makaɗa biyu.

Ya koma. Ya tarar da Dauda kwance ƙarƙashin wata tifa, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Oga Dauda, na sa robar, rawar ƙaruwa ta yi!"

Dauda bai fito ba. Daga can ciki ya ce, "Wace iri ka saya?"

"Ja da shuɗiya."

"Haba! Jabu suka ba ka. Nemi baƙa, mai kauri."

Bawan Allah ya koma kasuwa, ya ciccibo baƙar robar wanki, wadda ƙato zai zauna ciki ya yi wanka. Ya ɗaure ta ƙasan 'yan'uwanta, don ya ƙi ya yi asarar na farko.

Ran Lahadi Mama Deborah ta shiga gaba, ta sha ankon zumunta. Suka hau hanyar Abuja. Salansa na dukan ƙananan robobi, su kuma suna dukan babba. Shi ko ya dage da tari don ya rufe ƙarar, har idonsa ya yi ja. Mama kuwa sai gyaran ɗankwali take yi.

Suna isa ƙofar coci, mata sun yi layi suna jiran shugaba, sai ji aka yi ƙwaram! Inji ya ɗauki ruri kamar jirgi zai tashi. Ya kashe, ya sauko da gudu, ya durƙusa ya leƙa. Salansa ta tsinke, ta kwanta lakadan a cikin baƙar roba, ja da shuɗiya a gefenta.

Ya ɗago yana murmushi. "Mama, zo ki gani! Ta daina rawa!"

Mama Deborah ta sauko, ta sunkuya ta duba, ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"To ɗauke ta ka kai gida, ɗana. Ga amaryarka nan, har da kayan ɗakinta."