Keken Auta da Jawabin Mai Girma

Jama'a, jiya na rufe shagona na gyaran fanka da rediyo, na saka rigata ta fita kunya, na ɗauki keke a ka. E, a ka. Autata ce ta cire masa tayar gaba ta mai da shi injin cajin waya. Ta ɗaura masa dainamo, ɗan injin nan da ke ba fitilar keke wuta, kana taka feda waya na shan caji. Wata uku tana fama da shi a tsakar gida, har ta ƙona yatsa da dalma sau biyu. Gasar ƙere-ƙere ta 'yan makaranta aka shirya, wanda ya ci a ba shi gurbi a kwalejin fasaha, kuma bana ce shekarar Auta ta ƙarshe ta shiga.

An ce ƙarfe tara. Mai Girma Babban Baƙo, Allah ya ƙara masa lafiya da man fetur, ya iso ƙarfe ɗaya da motoci goma sha ɗaya. Maƙwabcina mai walda, da ya rako mu, ya taɓo ni.

"Malam, duk waɗannan alƙalan gasar ne?"

Na ce, "A'a, ɗaya ce ta ɗauko shi, sauran goman kuwa girmansa suka ɗauko."

Zauren babu wuta. Janareto kam an kawo shi, sabo fil, sai dai kwamitin sayo mai bai samu zama ba. Lasifika mai batir ce, wannan da sauƙi. Matsalar, jawabin Mai Girma yana cikin wayarsa, wayar kuwa tana shirin mutuwa. Mai riƙe masa jaka ya rikice, yana ta waige-waige, sai idonsa ya faɗa kan keken.

"Ke yarinya, abin nan da gaske yana aiki?"

"Yana yi, yallaɓai."

Nan take aka ja ta da kekenta bayan labule, wai kada su ɓata hoto, aka zuro igiyar caji ta ƙasa.

Minti arba'in da biyar bawan Allahn nan yana zuba. Ya ce matasanmu sun cika lalaci. Ya ce su tashi su ƙera abin da zai amfani al'umma. Muka tafa. Na leƙa bayan labule, na ga 'yata ta jiƙe sharkaf da gumi, ta cije leɓe tana takawa. Wallahi raina ya ɓaci, amma kaina ya kumbura, domin ko sau ɗaya wayar ba ta ɗauke ba.

Ashe tun ana jawabin alƙalai suka zagaye teburan 'yan gasa, saboda Mai Girma na sauri. Suka tarar da na Auta wayam, suka rubuta ba ta halarta ba. Wani jirgin sama na kwali ne ya ci. Mai walda ya tambaya ko yana tashi, aka ce masa ba don tashi aka yi shi ba.

Na je wajen shugaban alƙalai, na rusuna.

"Ranka ya daɗe, 'yata ce fa ta riƙe jawabin nan da ƙafarta."

"Malam, doka doka ce. Ta dawo baɗi."

"Baɗi shekarunta sun wuce."

"To, ka ga ni ma ba laifina ba ne."

A hanyar gida tana ɗingishi, ni ina ɗauke da keke. Can ta ɗago kai.

"Baba, da na daina takawa fa?"

"Da jawabin ya mutu a tsakiya."

Ta ce, "Ashe duk surutun nan a ƙafata yake."

Ni dai mai gyaran fanka ne, ban isa in ba manya shawara ba. Amma da ni ne su, da ban bari yarinyar nan ta gane haka ba.