Rasuwar Fayil Mai Jan Zare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba zan ɓoye wa kowa ba, nake sanar da rasuwar fayil ɗina na asibiti, mai jan zare a wuya, yana da shekara goma sha tara. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce ta riƙe biro, amma bakin nawa ne, kuma na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Marigayin mai riƙon amana ne. Tun yana siriri na san shi, har ya ajiye teɓa. Bai taɓa ce mini in dawo gobe ba. Idan aka dire shi a teburin likita ya ce tim, sai hankalina ya kwanta, don mai magana a madadina ya iso. A cikinsa aka rubuta sunan allurar da ta taɓa shaƙe mini numfashi, na yi kwana uku ban san inda kaina yake ba. Su biyu suka riƙe sunan nan, shi da maigidana.

Ga yadda ajali ya zo. Tsohon akawun ɗakin kati ya ga kullum tare muke zuwa da maigida, sai ya ɗaure fayil ɗinmu da zare guda don a riƙa ɗauko mu lokaci ɗaya. Ya yi ritaya bai gaya wa kowa ya haɗa su ba. Bara maigida ya rasu, aka kwashi nasa zuwa ɗakin da ake jibge na matattu. Ba wanda ya kwance zaren. Ba wanda ya buɗa ya ga akwai mace a ciki da ranta. Can rufi ya yi ta yoyo a kansu, gara ta ƙarasa. Wata biyar ina zarya daga wannan taga zuwa waccan, kafin wata mai shara ta ji tausayina ta kai ni ɗakin. Zaren kawai na gane.

Fayil ɗin ya rasu ya bar ni, da katin da ke ɗauke da lambarsa, da sabon fayil mai takarda ɗaya wanda bai san ni ba. Ya bar aikin idona da aka ɗaga sau uku, don likita ya rantse ba zai taɓa ni ba sai ya san allurar da jikina ya ƙi. Ban ga laifinsa ba. Amma idon kullum ƙara rufewa yake.

Za a yi zaman makoki a bencin ƙofar shugaban ɗakin kati, kowace safiya har a tashi aiki. Gawar tana cikin leda a kan cinyata. Kada a kawo mini haƙuri, na ƙoshi. A sauko da tsohuwar rajistar ɗakin mata, wata nas ta rubuta sunan allurar a ciki a ranar da ta shaƙe ni, a gaban maigidana. Ba za a binne marigayin ba sai an karanta mini sunan nan, an maimaita har na haddace, tunda yanzu ba ni da mai riƙe mini.