Dakta Scardicchio da Tumatirin Rataye

Ƙauyen da Allah ya so da rahama shi yake ba mutum irin Dakta Ermenegildo Scardicchio. Shekara talatin da huɗu ya yi a Torino yana buga hatimi a wani ofishin ruwan famfo. Ranar da ya yi ritaya ya dubi birnin, ya ga ya gama yi masa abin da zai yi, sai ya tattaro iliminsa ya dawo ƙauyensu Torrecupa don mutanen gida ma su ɗanɗana. Daktan nan ba na asibiti ba ne, ba kuma na jami'a ba. Wani mai gadin motoci ne ya taɓa kiransa da shi yana roƙon ya matsar da motarsa. Shi kuwa da yake mutum ne mai kara, bai iya mayar da kyauta ba, ya riƙe har yau.

Batun noma kuwa ba a magana. Tukunya uku ta ɗoɗɗoya ya raina a barandarsa ta hawa na biyar. Biyu suka mutu, ɗaya ta rayu saboda matarsa Ornella tana ajiye ta inda hannunsa ba ya kaiwa. Tsofaffin da ke karta a shagon kofi na dandali, da suka ji wannan tarihi, suka naɗa shi Sarkin Noman Baranda. Da sarautar ta iso kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe har yanzu ana sanin darajar mutane a ƙauye.

Wata rana a wurin aski ya karanta a mujalla cewa manyan birni sun haukace a kan kayan lambu na kakanni, har ana sa hoton masu adana irinsu a jarida. Kafin wanzami ya gama gyara masa gashin baki ya kafa Ƙungiyar Ceto Irin Kakanni ta Torrecupa da Kewaye. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne kakaki. Mamba ɗaya ce, Ornella, ita ma sai da ta ga sunanta a takarda ta sani. Komai ya kammala, abu ɗaya ne kawai ƙungiyar ba ta da shi, wato iri.

Torrecupa tana da wani tumatir da ko a ƙauyen da ke maƙwabtaka ba a samunsa. Ƙarami ne, rawaya, fatarsa da kauri. A Agusta ake tsinke shi, a ɗaure da zare dami-dami, a rataye a ƙarƙashin rufi, ana cirewa ɗaya-ɗaya ana goga wa busasshen burodi da man zaitun har bikin Ista na watan Maris ko Afrilu. Wanda ya fi daɗewa a rataye shi ake cire wa iri. Amma samari sun tafi arewa, kanti kuma yana sayar da tumatir duk shekara, sai ya zamana mutum ɗaya ce ta rage da irin: Goggo Cosima, ƙanwar mahaifin Dakta, mai shekara tamanin da shida. A bara gwiwoyinta suka ƙi, ba ta shuka ba. Abin da ya rage a duniya na tumatirin nan shi ne wani tsumma da ƙwayoyin iri suka bushe a jikinsa, a cikin akwatinta. In wannan ya tafi, ya tafi ke nan.

Ta ba shi tsumman gaba ɗaya. Ba don ta yarda da shi ba, sai don shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya zo ya tambaya.

"Gildo," in ji ta, don ita ba ta san wani Dakta ba, ita ta goye shi. "Ranar dashe ka ba shi ruwa sau ɗaya, shi ke nan. In tausayinsa ya kama ka, ɗauki fartanya ka sassauta masa ƙasa. Ƙishi ne ke kai shi Ista."

Dakta ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibi mai ƙoƙari amma ba kai. "Goggo," ya ce, "abin da kuke kira al'ada, rashin famfo ne."

A Maris ya shuka irin a cikin ƙananan kofuna, kowane da tutarsa, kowace tuta an rubuta mata sabon sunan da ya raɗa wa tumatirin: Zinariyar Scardicchio. Da aka yi dashe ya shimfiɗa tiyo a lambun bayan gida kamar hanjin rago, ya sa agogon da ke sakin ruwa safe da yamma. In zafi ya tsananta yakan ƙara da na rana, don shi mutum ne mai tausayi. Fartanya kuwa ya saya sabuwa fil, ya jingine ta a inda za ta fito a hoto.

Kullum da hantsi yana shagon kofi yana wa masu karta bayani. Ya ce ƙarni huɗu tumatirin nan ya yi yana kuka ba wanda ya ji, sai da Allah ya kawo wanda ya san ruwa ciki da waje. Masu karta suka ce haka ne, Dakta, suka ci gaba da raba kati.

Gaskiya kuwa tumatir ya yi kyau. Ya kumbura ya kai dunƙulen hannu, yana sheƙi. Dakta ya zaɓi mafi girma ya kai wa Goggo a kan faranti. Ta ɗauka ta jinjina shi a tafin hannu, ta ce masa ai ya cika shi da ruwa. Ta roƙe shi ya kawo mata ko guda biyar ta matse irinsu tun yanzu, ko da hakan ya saɓa wa yadda aka saba. Ya ce ina, za a cire iri ne a bikin Waliyyi Antonio a Janairu, gaban magajin gari da ɗan jarida daga birnin Bari, ya riga ya aika da takardun gayyata. Ornella da matan unguwa suka ɗaure dami arba'in, aka rataye a barandar gidansa mai kallon titi, mai wucewa duk sai ya ɗaga kai. Ashe kallon kitse ake wa rogo.

A farkon Oktoba, yana zaune a ƙarƙashinsu yana rubuta jawabin biki, sai ya ji ɗis a kan takarda. Ya ɗauka tsuntsu ne. Kwana uku bayan haka baranda ta koma mahauta, ƙananan ƙudaje sun yi sansani, dami yana sulɓewa daga zare yana faɗowa tim. Guda ya sauka a tsakiyar hularsa ta zuwa coci.

Ornella 'yar birni ce, ba ta san kan iri ba, amma ta san kan mijinta. Ta ce ya je ya faɗa wa Goggo tun da sauran dama. Ya ce mutumin da ya gayyato magajin gari ba ya ɗaukar ruɓa ya kai wa tsohuwa. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya ci taliya ya rufe taga yana barci, shugaban ƙungiyar ceto iri ya tura baro sawu biyar zuwa jujin da ke bayan tsohuwar katanga, hanyar maƙabarta. Ya juye duka, bai rage ko ƙwaya ba. Duk sanda Goggo ta aiko tambaya, sai ya ce tumatir yana ƙarƙashin bincike.

Ana jibi biki ya shiga mota zuwa birni, ya dawo da akwati shida na ƙananan tumatir rawaya daga babban kanti. Ornella ta ce ba da hannunta ba, shi ya zauna ya ɗaure su da kansa, ƙulli a karkace.

Ranar biki da la'asar, kafin a cinna wa tarin itacen inabi wuta kamar yadda aka saba a bikin, dandali ya cika. Magajin gari ya sha ɗamararsa mai launi uku, ɗan jarida ya saita kyamara, aka ɗauko Goggo a kan kujera aka ajiye a gaba. Dakta ya hau mumbari ya gyara murya.

"Jama'ar Torrecupa, tarihi ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Kakanninmu sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya ji ƙansu, amma ƙoƙari daban, ilimi daban. Yau ga tumatirinku na dawo muku da shi daga bakin kabari. Ba na neman godiya. In ma za a yi allon tunawa da ni, a yi ƙarami."

Aka tafa. Magajin gari ya ce ya kamata babbar uwa ta fara ɗanɗanawa, ya tsinko guda ya durƙusa ya miƙa mata da burodi. Goggo ta ɗan danna shi da babban yatsa. Tumatirin rataye na gaske sai an sa wuƙa. Wannan kuwa ya fashe, ruwan ya yi tsartuwa ya sauka a kan ɗamarar magajin gari. Ta shinshina yatsanta, ta ɗago kai.

"Gildo, ina irin uwata?"

Dakta ya fara bayani a kan sauyin yanayi da yadda masana suka daɗe suna gargaɗi. Bai kai ƙarshen jimla ta biyu ba Ornella ta ratso mutane, ta tsuguna kusa da tsohuwar, ta faɗa mata komai, har yawan sawun baro. Goggo ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tambaya wane juji ne, kuma rana tana samunsa? Mutane suka tausaya mata, suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Dakta ya ji kunya ta gaske, kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, ta kuma daɗe a jikinsa har kusan kwana uku.

A Afrilu Goggo ta sa wani maƙwabcinta ya ɗora ta a bayan babur ɗinsa mai ƙafa uku ya kai ta bayan katanga. Tsakanin fasassun tayil da tsofaffin gwangwanaye, ga 'yan tsiro nan ɗaruruwa, gajeru, masu kauri, ba tuta, ba tiyo, ba agogo. Kowace mace a Torrecupa ta san sai tumatir ya ruɓe irinsa ke fita da kyau. Shugaban ƙungiya ne kaɗai labarin bai kai wa ba. Tsohuwar ta murza ganye ɗaya ta kai hanci, a nan ne ta yi kukan da ba ta yi a dandali ba, amma na murna. Kafin azahar mata sun fito da cokula da gwangwanaye, gida goma sha bakwai suka ɗiba, kowace mace sai da Goggo ta sa ta ta maimaita mata sau nawa ake ba da ruwa. Agusta ta zo, tumatir ya fito ƙarami, rawaya, da kaurin fata, ya kuma kai Ista.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Dakta ya koma shagon kofi ya sanar cewa gwajin nasa ya yi nasara, dama tun farko ya zaɓi wurin ne saboda ingancin ƙasarsa. Ya rubuta wa majalisar gari wasiƙa mai shafi huɗu yana neman, ba don kansa ba, don 'yan baya, a sa sunansa a daidai inda aka ceto irin. Majalisar da ba ta taɓa haɗuwa a kan komai ba ta amince baki ɗaya, ba wanda ya ƙi.

Tumatirin dai sunansa na Goggo Cosima, haka ake kiransa har a kasuwar birni. Shi ma Dakta burinsa ya cika, don yanzu ba gidan da ba a ambaton sunansa kullum. Da an gama cin abinci an share ƙasa, sai ka ji uwar gida tana cewa a kwashe wannan a kai Jujin Dakta.