Idon Mikiya da Yarinya Mai Kumburin Kumatu

Duk wanda bai san babban editan nan ba, to gaisawa kawai yake yi da jarida, ba karanta ta ba. Idon Mikiya ake kiransa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, da ya ga mutane sun yi nawar raɗa masa. Gani kam Allah ya hore masa: miƙa masa shafi, kafin ka ƙifta ido ya gano inda aka rage girman sunansa. Tabaransa kuwa a aljihu yake kwana, don mikiya ba ta sa gilashi a gaban ma'aikata.

Wata rana wani mutum mai taushin murya ya shigo ofis da hoton yarinya, kumatunta sun kumbura har kunne. Ya ce 'yarsa ce, cutar kuma irin wadda ba a cika gani ba, sunanta ma ya fi layin jarida tsawo. Idon Mikiya bai tambayi asibiti ba, bai tambayi likita ba. Ya ɗaga hoton can nesa da hancinsa.

"Shafin farko!" in ji shi. "Ni in na ga ciwo na san shi."

Aka yi ta buga roƙon taimako, hoton yarinya a ƙasa, na edita a sama yana tagumi. Jama'a suka tausaya, suka aika abin da ya sawwaƙa. Sai mai taushin murya ya kashe wayarsa, ya yi layar zana.

Da wani ne da kunya ta kwantar da shi. Ban da gwaninmu. Ya tara ma'aikata, ya gyara wuyan riga.

"Tarko na ɗana masa. Tun ranar farko na hango ƙarya a idon yarinyar nan. Ku dubi fuskar! 'Yar ɗan damfara ce sak, gado ta yi."

Haka ya rubuta, haka aka buga, hoton yarinyar ya cika shafi. Ya aika wa kwamitin da ke ba 'yan jarida masu bincike lambar yabo, ya sa aka kafa ƙusa a bangon ofis tun kafin amsa ta zo.

Matarsa ba ta karanta jaridarsa, amma tana mutunta ta: da ita take shimfiɗe kantar kicin. Ranar Asabar ana karyawa ta fito da shafin a hannu.

"Baban yara, me Auta take yi a jaridarka?"

"Wace Auta?"

"Guda nawa gare ka? Hotonta ne na bara waccan, da ta yi hangum. Ni na sa shi a waya ina neman addu'a. Kai ma ka rubuta amin a ƙasa."

Idon Mikiya ya laluba aljihu, ya sa tabarau. Ya dubi shafin. Ya dubi Auta a ɗaya gefen tebur, kumatu lafiya lau, tana tsoma burodi a shayi.

"Baba," ta ce, "wai gadon wa na yi?"

Idon Mikiya ya cire tabarau, ya mayar aljihu. Amma manya ba sa faɗuwa, zama suke yi da sauri.

"Kun ga babban labari ke nan! 'Yan damfara sun kutsa har gidan edita. Gobe shafin farko!"

"To," in ji matar, "amma bar ni in zaɓi hoton, kada ka buga 'yar maƙwabta."

Lambar yabo dai wani aka ba. Sai dai ƙusar ba ta yi zaman banza ba. Matar ta aiko da hoton Auta aka rataye, ta rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe, yadda ko ba tabarau za a gani: WANNAN 'YARKA CE.