Jadawalin Shugaba Pyo

Duk birnin Daegu babu mai hangen nesa irin Pyo Man-sik, shugaban ƙungiyarmu ta masu hawan dutse. Shi ya faɗa mana haka da bakinsa. Muna kiransa Kan Tsauni, ko da yake a rabin hanya yake zama, wai yana jiran raunana.

Bana ya yanke cewa littafin da Gwaggo Gu ke rubuta sunayenmu da kujerun mota ya zama kayan tarihi. Manhaja zai samo, irin wadda ko jahilin kwamfuta zai shirya jadawali da ita ya raba wa jama'a.

"Shekara talatin na yi a kamfanin lantarki," in ji shi. "Kwamfuta tana ganina take natsuwa."

A ɗakin ajiyar kamfanin ya yi aikin, amma ba a katse babba.

Wata uku yana gwaji. Manhajar farko launinta bai dace da martabarmu ba. Ta biyu ta cika sauƙi, har Gwaggo Gu ta gane ta. Ta uku ta yarda a liƙa hotonsa a sama. Nan bincike ya ƙare.

Ya zuba sunayenmu tamanin, ya ƙara wani layi na ra'ayinsa a kan kowa don amfanin kansa, ya manta bai ɓoye shi ba, ya tura wa kowa. Muka karanta. Gwaggo Gu: surutu kamar rediyo. Tsoho Bang: gwiwa ta mutu, giyar shinkafa ke kawo shi. Pyo Man-sik: haifaffen jagora. Laifi tudu ne, kuma wannan kaɗai Shugaba ya taɓa hawa har ƙarshe.

Tsoho Bang ya kira shi. "Shugaba, abin nan kowa na iya rubutu a ciki?"

"Kowa, Yaya. Ni na tsara shi haka. Zamani ke nan."

Ranar Lahadi Shugaba ya iso wurin motar tafiyarmu da sabuwar hula da usur a wuya. Direba ya duba waya, ya ce kujerar gaba ta sabuwar shugaba ce, tasa tana can baya. An buɗe layin ƙuri'a a jadawalin tun Juma'a: saba'in da tara, babu hamayya.

Gwaggo Gu ta miƙa hannu ta karɓi usur.

"Gaskiya ka iya zaɓe, Man-sik," ta ce. "Mu ma a ciki muka yi namu."